Kawuna da Sunayen da Shafi Ya Haɗiye

Ranar da muka binne Kawu, abin da ya fara ɓata mini rai shi ne takardar tsarin jana'iza. Babban ɗansa ya bugo ta daga Kaduna, takarda mai sheƙi, da hoton Kawu cikin kakin soja a gaba. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ya bauta wa kasa shekara da shekaru. Kasa, ba ƙasa ba. Daga farkon takardar har ƙarshenta babu harafi ɗaya mai ƙugiya. Mutumin da ya tsufa yana faɗa a kan ƙugiyar harafi, ga shi an sallame shi da takardar da ta ce maciji ya bauta wa.

Na nuna wa yayan namu. Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Yanzu wannan ne damuwarki?" Yana da gaskiya, amma raina bai daina ɓaci ba.

Jama'a sun taru ƙwarai. Tsofaffin sojoji sun zauna layi ɗaya ƙarƙashin rumfa, wasu da hulunansu na da, kowa na faɗin barikin da suka zauna tare. Wani tsoho daga Dabai, wanda suka yi golmo tare da Kawu, wato noman neman aure, ya riƙe hannun matar Kawu yana cewa ba a taɓa wuce marigayi a kunyar noma ba. 'Yan zumuntar mata suka yi waƙa har muryoyi suka dushe. Maƙwabtanmu Musulmi suka shigo suka ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa ya huta. Fasto ya ce Kawu mutum ne mai son gaskiya, ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "ko da gaskiyar ba ta da daɗi," aka yi 'yar dariya, domin kowa ya san sau nawa Kawu ya tsayar da shi bayan sujada a kan kuskuren da ke allon sanarwa. Goggo kuwa, ƙanwar Kawu ta biyu, cewa ta yi, "Ya huta da wahalar wannan akwatin," tana nufin kwamfuta.

Iyakar abin da aka faɗa ke nan game da aikin da ya cinye shekarunsa na ƙarshe. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ni ce na yi aikin tare da shi, kuma ni ce na fi kowa yin faɗa da shi a kansa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahaifina soja ne, ya tafi aiki ina goye bai dawo ba, Kawu ya ɗauko mu ni da uwata ya riƙe mu. Shi ma soja ne, amma akawu: tafireta ce bindigarsa, in ji shi. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru, sai ya kafa tebur a barandar gidansa yana buga wa matan sojojin da suka mutu takardun neman haƙƙin mazansu. Tafiretar ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. In ya gama bugawa sai ya zare takardar, ya ɗora ta a gwiwa, ya bi kowane harafi yana sa masa ƙugiya da alƙalami. Mace na tsaye tana jiran motar Kanya, shi yana lanƙwasa haruffa. In ta yi ƙorafi sai ya ce, "Motar na iya dawowa gobe. Takarda in ta tafi ta tafi."

Tun ina firamare yake sa ni karanta masa abin da na rubuta da ƙarfi. In na gyara da baki abin da na ɓata da hannu, sai ya buga tebur da yatsa. "Karanta abin da ke rubuce, ba abin da ke kanki ba." Na tsani wannan maganar. Har yau nakan ji ta in na ɗauki alli a aji.

A wannan barandar ce ya gano abin da ya dame shi. Sunan da ke takardar soja sau da yawa ba shi ne sunan mutum ba. Saurayi ya sauko daga dutse, mai ɗaukar soja ya tambaye shi suna, bai iya furta abin da ya ji ba, sai ya rubuta abin da ya yi masa sauƙi, ko ya laƙa masa sunan garinsu. Da wannan sunan ya yi aiki, da shi ya mutu. A gida kuwa ba wanda ya san shi da shi. Sai Kawu ya sayi babban littafi mai baƙin bango ya soma tara sunayen mutanen ƙasarmu da suka tafi soja ba su dawo ba. Ranar kasuwa ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi Mahuta, ko Dabai, ko Kanya, ya zauna da tsofaffi. Kowane layi a littafin tsarinsa ɗaya: sunan takarda, sai sunan gida tsakanin alamu biyu masu tsini, wato < da >, sai ƙauyen mutum a cikin baka. Haka ya tsara, kuma bai yarda a taɓa ba.

Na dawo daga makaranta da takardar shaidar koyon kwamfuta a daidai lokacin da aka buɗe shagon intanet a garin. Ƙungiyar 'yan ƙasarmu mazauna birane ta ji labarin littafin, suka ce a sa shi a intanet domin jikokin da ke nesa su gani. Suka samar da wurin ɗora shafin. Kawu bai tambaye ni ko ina so ba. Ya ce, "Ɗiyata, ranar Asabar ki taho da abin da kika koyo."

Mai shagon ɗan kabilar Ibo ne, ya daɗe a Zuru yana sayar da kayan wuta kafin ya sayo kwamfutoci. Ya kan kira Kawu Baba Soja, ya ware mana na'urar da ke kusa da taga domin idon Kawu. Abin da na koyo bai wuce ɗan kaɗan ba: na san ana gina shafi da rubutun da ake kira HTML, ana buga umarni tsakanin alamu, na'ura ta karanta ta zana shafin. Na buga sunaye ashirin na farko, muka buɗe. Duk inda ƙ take sai alamar tambaya. Duk inda ɗ take sai ɗan akwati. Sunan wani mutumin Mahuta ya fito da wasu baƙaƙen Turawa guda biyu a tsakiyarsa, irin waɗanda ban taɓa gani ba.

"Mi ne ne wannan?" in ji Kawu.

"Na'urar ba ta san harafin ba, Kawu."

"Ta san na Turawa duka?"

"Ta sani."

"To ba rashin sani ba ne. Ba a gaya mata ba ne."

Na ce mu cire ƙugiyoyin kawai, kowa haka yake yi, duk wanda ya ji Hausa zai gane. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in tashi mu tafi. Muka yi Asabar uku a haka. Wata rana babu wuta, wata rana janareta ya ƙi tashi, wata rana layin ya tsinke muna tsaka da aiki. Ni ina da jarrabawar ɗalibai da zan duba, ina zaune kusa da tsoho yana huci a kan alamar tambaya.

Mai shagon ne ya cece mu. Ya fito da wani littafi mai kauri da ya sayo a Anaca, bangonsa ya yage, ya buɗe wajen ƙarshe inda aka jera haruffan duniya kowanne da lambarsa. Ya ce, "Baba Soja, in ka kira shi da lamba, zai amsa." Ana fara da alamar &, sai #, sai lambar, sai a rufe da waƙafi mai ɗigo. Ƙaramar ƙ ita ce &#409; ɗ ita ce &#599; ɓ kuma &#595;. Na buga, muka sauya irin zanen haruffan zuwa wanda ke ɗauke da su, muka buɗe shafin. Ga ƙ tsaye da ƙugiyarta.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ashe kowanne na da lambar aiki." Kafin mako ya zagayo ya haddace su duka, manya da ƙanana. Daga nan wahalata ta ƙaru. Ya ƙi barin ni in buga ni kaɗai. Ya kan karɓi allon bugawa ya daddanna shi da ƙarfin tafireta har mai shagon ya leƙo, in kuwa na manta waƙafin rufewa sai ya nuna da farce bai ce komai ba. Shirun nan ya fi faɗan ciwo.

Sunayen gida muka bari a ƙarshe, domin yana ta tabbatar da wasu. Ranar da zan saka su, shi yana Mahuta wajen wani tsoho da aka ce ya tuna mutum biyu. Na kwafe su yadda suke a littafin, kowanne tsakanin alamunsa masu tsini. Ina ɗora shafin wuta ta ɗauke. Ban buɗe na duba ba. Na gaji, na tafi gida, na ce masa an gama.

Ranar Lahadi ya miƙe a majami'a ya sanar. Ranar kasuwa wata tsohuwa ta zo daga Kanya tare da ɗiyarta, wadda ita ma ta manyanta. Mijin tsohuwar ya tafi yaƙin basasa tana da cikin wannan ɗiyar. Kawu ya ba ta kujerarsa, ya sa na gangaro da shafin zuwa layin mutanen Kanya. Ɗiyar ta karanta sunan takarda. Tsohuwar ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne."

"Shi ne, Inna," in ji Kawu. "Wannan na soja ne. Na gida na gaba da shi. Karanta mata."

"Ba komai gaba da shi, Baba. Sai sunan gari."

Kawu ya sunkuyo. Babu. Na gangara, na hau. Babu sunan gida ko ɗaya a shafin duka. Na buɗe rubutun da na buga, ga su nan cif. A lokacin na tuna abin da aka koya mana a makon farko: alamun nan biyu su ne bakin umarni. Duk abin da aka sa tsakaninsu, na'ura na ɗauka umarni ne aka ba ta. In ba ta gane umarnin ba sai ta haɗiye shi ta wuce, ba ta ko nuna alamar tambaya. Sunan da uwa ta raɗa wa kowane ɗayansu, na'ura ta ɗauke shi umarnin banza.

Tsohuwar ta gyara zanenta ta ce cikin C'lela, yarenmu, ba da faɗa ba, dama ta san ba za su ajiye sunan ba, tun can ma ba su ajiye shi ba. Ta yi mana godiya ta fita. Kawu ya raka ta har bakin titi, ya dawo.

Ya jira har muka bar gaban mutane. A gida ya ce, "Kin duba kafin ki ce an gama?"

Da na ce ban duba ba, da maganar ta mutu. Amma kunya ta sa na hau shi. Na ce laifin alamunsa ne, duniya duka ba mai rubuta suna haka, mu sa alamar zance ko baka mu huta. Ya ce baka na ƙauye ne. Alamar zance kuma ita ake sa wa sunan wasa, wannan ba sunan wasa ba ne, shi ne sunan. Na ce mutanen nan sun mutu, ba ruwansu da wace alama aka sa musu. Na ce na gaji da ba da Asabar ɗina ga matattu.

Ya dube ni. Ya ce, "Ubanki na shafi na tara."

Na sani. Na sani tun ranar farko, kuma na yi ta tsallake layin ina barinsa sai daga baya. Na tashi na fita, na yi mako biyar ban taka barandarsa ba.

Abin da ya yi a makonnin nan daga baya na ji. Ya buga layin mijin tsohuwar a tafireta, cikakke, ya sa ƙugiyoyi da alamu da hannu, ya hau babur cikin damina ya kai mata Kanya. Ya karanta mata da bakinsa sau biyu. Aka ce ta sa takardar cikin ƙwaryar da take ajiye zannuwanta. Sannan ya koma shagon shi kaɗai, shi da mai shago da littafin nan mai yagaggen bango, har suka gano cewa alamun ma suna da hanyar kiransu. In kana so na'ura ta nuna < ba tare da ta ɗauke shi umarni ba, sai ka rubuta &lt; na ɗaya gefen kuma &gt;. Ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu ya gyara.

Wata Juma'a ana tashi daga makaranta na gan shi a bakin ƙofa bisa babur, da dafaffiyar gyaɗa a leda. Bai ambaci faɗan ba. Ya miƙo mini ledar ya ce, "Saura layi ɗaya. Ba ni zan buga shi ba."

Sunan gida na mahaifina na C'lela ne, yana da wasalin da ake ja wa layi a ƙasa. Shi ma layin yana da lambarsa. Na buga, muka buɗe. Sunan ya fito tsakanin alamunsa, amma layin ya zame ya kwanta ƙarƙashin harafin da ke gaba. Muka sauya zanen haruffa, ya koma akwati. Muka mayar, ya sake zamewa. Mai shagon ya ce na'urorinsa ne tsofaffi, a sababbi zai zauna daidai. Kawu ya ce shi bai ga sababbi ba. Muka yi wata biyu a kan wannan layin ɗaya, bai taɓa zama inda ya kamata ba. Ƙarshe Kawu ya sa na ƙara bayani a ƙasan shafin cewa layin na wasali na biyu ne. Ya ce, "Ba gyara ba ne. Amma ba mu yi ƙarya ba."

Sau ɗaya na ga ya yi dariya a shagon. Ya ce mu rubuta shafin bayani domin wanda zai gaje mu ya san yadda ake kiran alamun. Ya buga cewa in kana son alama mai tsini ka rubuta &lt;. Muka buɗe, na'ura ta yi biyayya ta mayar da shi alamar, bayanin ya koma cewa in kana son < ka rubuta <. Ashe ita kanta & sai an kira ta da nata sunan, &amp;, kafin ta yarda ta tsaya a gani. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ya taɓa aiki ƙarƙashin wani saje mai irin wannan halin.

Shafin ya yi kamar shekara biyu lafiya. Wasiƙu suka riƙa zuwa ta hannun mai shagon, daga Legas, daga Jos, har daga ƙasashen waje, jikoki na cewa yau suka san sunan kakansu. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kawu. A daidai lokacin ƙungiyar ta yi sababbin shugabanni, suka ce shafin ya tsufa, suka ba wani a birni ya sabunta. Ya sa launuka, ya sa hoton dutse a sama. Ya kwashe rubutunmu ya zuba a sabon tsarinsa, tsarin kuma ya ɗauki kowace & tamu a matsayin abin da za a nuna. Sai lambobin suka fito tsirara. Suna ya soma, sai &#409; a tsakiyarsa, sai ya ci gaba. Sunan gida kowanne ya kwanta tsakanin &lt; da &gt; kamar an zuba masa tsakuwa. Babu tsohuwar da ɗiyarta za ta iya karanta mata wannan.

Na rubuta musu sau uku. Na farko aka ce ana dubawa. Na biyu aka ce wanda ya yi aikin ya yi tafiya da kalmar sirrin shiga. Na uku ba a amsa ba. Aikin wuni ɗaya ne in an bar ni na shiga. Har yau da nake wannan rubutu ba a bar ni ba.

Kawu na kwance a ɗakinsa, bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar. Duk ranar da na je sai ya tambaya, "Sunayen na nan daidai?" Ni kuma in ce suna nan daidai, Kawu. Sai ya lumshe ido. Na gaya wa kaina tausayi ne. Haka muka yi har ya cika, wata safiya matarsa na ba shi kunu.

Kwana uku bayan jana'iza, mai shagon ya zo gaisuwa. Ya gaida manya, ya same ni a baranda. Ya zauna yana juya makullin babur a hannu, sannan ya ce akwai abin da ya rasa ko ya faɗa ko ya bari. Wata guda kafin rasuwar, Kawu ya aika matarsa ta kira shi, ya ce ya bugo masa shafin a takarda yadda yake a yanzu. Ya kawo. Kawu ya riƙe da hannun da ke aiki, ya karanta har shafi na uku, ya mayar masa.

"Mi ya ce?" na tambaya.

Mai shagon ya ce, "Ya tambaye ni ko kin sani. Na ce masa kin sani, kin rubuta musu har sau uku. Sai ya ce, 'To kar ka gaya mata na gani. Ta yi nata. In ta ce daidai ne, zan ce to.'"

Na kasa kuka a lokacin. Haushi ne ya zo mini, haushin ƙungiyar, haushin kaina, har da nasa. Mutumin da bai taɓa barin kuskurena ɗaya ya wuce ba tun ina shekara bakwai, ya kwanta wata guda yana kallona ina yi masa ƙarya, yana lumshe ido domin kada in ji kunya. Da ya buga tebur da yatsa ya fi mini sauƙi.

Littafin mai baƙin bango yana hannuna, da faifan da ainihin rubutunmu ke ciki. Mai shagon ya ce na'urar kusa da taga tawa ce duk Asabar. Zan nemi wani wurin in ɗora shafin da kaina, ko ƙungiya ta so ko ba ta so ba. A ƙarshen littafin akwai sunaye goma sha ɗaya da ya taro bai kai ga bugawa ba, biyu daga ciki ba su da na gida, ya bar tsakanin alamun a buɗe. Ban san tsohon da zan tambaya ba. Ban ma san ko yana da rai ba.

Ubangiji ya karɓe ka, Kawu, ya kira ka da sunan da uwarka ta raɗa maka. Mu kuma ya ba mu haƙurin da ka fi mu, wanda ban san kana da shi ba sai da ka tafi.